Yadda ake canza wa oba-oba gida

Oba-oba ba ta cika mutuwa daga ciki ba. Yawancin waɗanda ake kawo mini a shagona, nan kusa da Kasuwar Dole, injinsu garau yake, gidan ne, wato robar da ta lulluɓe injin, ya gaji. Wata ta tsage daga gindin eriya, wata robar madannin magana ta yage har kana hango makunnin ciki, wata kuma maƙalin ɗamara ya ɓalle ya tafi da guntun baya. Masu gadi, ƴan tasha, ƴan agajin masallaci, masu kula da wurin gini, haka suke kawo ta, an naɗe ta da baƙin salatif ko an ɗaure da robar tib. Sai mai ita ya ce, "Malam, ai tana magana, kyan gani ne kawai babu." A nan nake saɓa masa.

Gidan nan shi ke riƙe gindin eriya kada ya riƙa girgiza, shi ke danne robar da ke tare ƙura da ruwa, shi ne kuma ke kai yatsanka daidai kan ɗan makunnin da ke ciki idan za ka yi magana. Tsagar da farce ma ba ya shiga ta isa ta yi ɓarna a Damagaram. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta bi ta nan ta kwanta a kan allon inji. Bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, gumin hannu da na ƙugu ya biyo wannan hanyar ya tarar da ƙurar, su haɗu su zama laka mai gishiri. Kafin damina ta ƙare sai ka ga kore-kore a ƙafafun kayan ciki. In an kai nan, ba maganar gida ake yi ba, maganar sabuwa ake yi.

Kafin ka kashe ko dala, gwada ta yadda take. Ka kunna, ka sa wani ya kira ka da wata, kai ma ka kira shi, ka murɗa ƙara sama da ƙasa ka ji ko tana ƙarƙara. Abin da ba ya aiki yanzu, sabon gida ba zai tashe shi ba, kuma gara ka san shi tun kafin ka buɗe, don kada daga baya a ce hannunka ne. Sannan ka yi lissafi. Baofeng BF-888S, mai tasha 16 ɗin nan da ta cika gari, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, wani lokaci kuɗin gida da na mota da na aiki in ka haɗa sun kusa kamo kuɗin sabuwa. Ita na fi son in nemo mata matacciyar ƴar'uwarta mai lafiyayyen gida, kuma duk kamfanin gadin da ya daɗe yana aiki ba ka rasa irinsu jibge a kwali. Motorola kuwa, GP328 ko GP340, ko ta shekara nawa, in dai injinta na aiki ta cancanci sabon gida. Ban taɓa ba wani shawarar ya yar da ita saboda roba ba.

Wurin sayen gida ake fara faɗuwa. Kada ka dogara da sunan da ke rubuce a gaba, ka cire batir ka karanta takardar da ke manne a jikin ƙarfen baya. Baofeng UV-5R kaɗai tana da ƴan'uwa da yawa, akwai UV-5RA, akwai UV-5RE, ciki kusan ɗaya ne amma gidajen sun bambanta, har batirin wata ba lalle ya zauna a jikin wata ba. GP328 da GP340 dangi ɗaya ne, ta farko an yi ta don kasuwar Asiya, ta biyu don Turai, amma GP338 da GP380 suna da fuska mai nuna rubutu da madannan lambobi, gidansu daban. Galibin kayan daga Kano ake aiko mana su, to ka ɗauki hoton gaba da baya da sama da gefe biyu ka tura wa mai sayarwa ta WhatsApp, ka kuma tambaye shi a fili: fanko ne, ko da sifika da wayoyinsa a ciki? Da mamurɗai, wato abubuwan murɗa ƙara da tasha na sama, ko babu? Da robobinsa? Wanda ya fi araha shi ne fanko, kuma araha ba ta ado.

Ranar da ya iso, kada ka taɓa kusa ko ɗaya sai ka jera sabon da tsohon a kan tebur. Ka ƙirga ramukan sama. Ka duba ramukan gefe inda ake sa abin kunne, ko suna daidai da na tsohon. Ka ɗaga shi sama ka leƙa ɗan ramin makirfo ta wajen haske, don a gidajen da ba na asali ba sau da yawa roba takan toshe rabinsa tun daga wurin zubi. Yanzu ne lokacin buɗe shi da allura, tun babu komai a bayansa. Gefen da ya yi gemu ka share shi da reza a hankali.

Kayan aiki ba su da yawa. Saitin ƙananan turnabis na masu gyaran salula ya wadatar, muddin akwai mai baki huɗu da masu tauraro daga T6 zuwa T10. Sai hantsaki, filaya mai siririn baki, tsohon buroshin haƙori, alkol mai ƙarfi, katin roba irin wanda ake ɓalle SIM daga jikinsa, ƙarfen narka dalma mai wat 30 ko 40, da gam ɗin da ake manna gilashin salula, irin B-7000. Akwai abu ɗaya da ba ka samu a saiti, wato abin kwance zoben da ke gindin eriya. Nawa da kaina na yi shi: tsohon turnabis mai faɗi na goge tsakiyarsa da magagari, ya zama haƙora biyu masu shiga tsagogin zoben.

Wurin aikin ma a gyara shi. Ka kashe fanka, ka tura ƙofa in ana iska, ka shimfiɗa kwali ko farin ƙyalle na auduga a kan tebur na katako. Ban da leda, ban da tabarmar roba. A hunturu, lokacin da mutum ke cire riga ya ji tana tas-tas, wannan wutar da ke taruwa a jiki ta isa ta ƙona ƙananan kayan da ke kan allo ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Ka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka fara, allon kuma ka riƙa kama shi ta gefe. Ka samu wani guntun kwali ka zana bayan oba-obar a kai, duk kusar da ka kwance ka soka ta a inda take a zanen. Kusoshin suna kama da juna a ido amma tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwa in ta shiga ramin gajera tana iya kaiwa ga allo. Salularka kuma ta kasance kusa, kowane mataki ka ɗauki hoto.

Bari mu fara da Baofeng, tunda ita ta fi yawa a hannun mutane. Ka kashe ta. In mai mamurɗin tasha ce, ka mai da shi kan 1 tun yanzu don ka san inda alamar za ta kalla in ka zo mayarwa. Ka cire batir, ka kwance eriya, ka ja mamurɗai sama kai tsaye. Ba zare gare su ba, ja ake yi. Wanda ya ƙi fita ka naɗe shi da ƙyalle ka kama da filaya ka ja a miƙe, kada ka karkata, don sandar da ke ƙarƙashinsa a kan allo aka yi mata dalma. Da sun fita za ka ga zobban ƙarfe, ɗaya a gindin eriya, ɗaya a gindin kowane mamurɗi. Ka kwance su. Wurin na eriya ka kula, akwai siririn tsinke a tsakiyar ramin, in ya lanƙwashe ko ya karye aikin ya zama wani daban. Daga nan sai kusoshin maƙalin ɗamara, sai masu tauraro da ke ƙarƙashin wurin batir. A UV-5R akwai makullin batir can sama da ɗan sifirin a bayansa. Ka ɗora yatsa a kansa lokacin da kake sassauta wurin, don in ya yi tsalle ya faɗa rairayi ka yi sallama da shi.

Injin yana fita ne kamar yadda ƙafa ke fita daga takalmi sau-ciki, diddige ya fara ɗagowa sannan yatsu su biyo. Ka sa katin roba ta ƙasa tsakanin ƙarfe da gida, ka ɗaga gindin kaɗan, sannan ka ja injin ƙasa har gindin eriya da sandunan mamurɗai da ƴar fitilar tocila su zare daga ramukansu. Ka buɗe murfin ramin abin kunne tukuna, kuma in gefen nan ya riƙe, ka ɗan buɗa bangon gidan da yatsa. Da ka ji ya saki, tsaya. Kada ka raba su gaba ɗaya. Sifika na manne a gida, kuma siraran wayoyi biyu ne suka haɗa shi da allo, ba su da tsawo. Ka kwantar da injin a gefen gidan a hankali, ka ɗauki hoton inda ja yake da inda baƙi yake.

In sabon gidan da sifikarsa ya zo, sai ka narka dalmar wayoyin tsohon daga kan allo ka ɗora na sabon. Taɓawa ɗaya ake yi a ɗaga. Ƙarfe in ya daɗe a wurin, ɗan farantin tagullar da ake ɗora wayar a kai yakan ɓare daga allo. In fanko ne, tsohon sifikan za ka ɗauko. Gam ne ya riƙe bakinsa. Ka ajiye gidan a rana na ɗan lokaci gam ɗin ya yi laushi, ka zagaya bakin da tsinin reza ta waje-waje, ka ɗago shi ta baya. Fatar gabansa ba a taɓa ta. Ni ko da sabon gida ya zo da sifika, in tsohon lafiya yake nakan fi son mai da shi, don na asali ya fi wanda ake haɗowa da gidajen araha murya.

Ka juya sifikan ka duba gabansa da kyau. Akwai maganaɗisu a cikinsa, kuma duk garin ƙarfen da ke yawo a iska nan yake taruwa. An taɓa kawo mini ta wani mai gadi da ke kwana kusa da masu walda, yana kukan muryar ta dushe sai ka kai ta kunne. Da na buɗe, fatar sifikan ta yi baƙi ƙirin da garin ƙarfe, ya tsaya cirko-cirko a tsakiya ya danne ta. Guntun salatif na yanka, na riƙa ɗora gefen gam ɗin a hankali ina ɗagawa, har fatar ta fito fes. Muryar ta dawo ba tare da an sayi komai ba. Abin da ya ba garin ƙarfen hanya shi ne ɗan ƙyallen da ke tsakanin sifika da ramukan gaba, ya yage tuntuni.

To wannan ƙyallen da ire-irensa su ne ainihin aikin. Sabon gida roba ce kawai da ramuka. Abubuwan da ke sa oba-oba ta yi aiki yadda aka ƙera ta ƙanana ne, baƙaƙe ne, suna maƙale a lungunan tsohon gida, kuma mai gaggawa ba ya ganin su. Ka ɗauki tsohon gidan ka kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ka bi shi lungu-lungu da hantsaki. Ƙyallen gaban sifika, in sabon gida babu, ka ɓare na tsohon ka manna, in ya lalace ka yanka wani daga siririn yadi mai sakin iska. Ƴar robar da makirfo ke zama a ciki, wadda sau da yawa takan maƙale a gida maimakon ta biyo inji, ita ke kai muryarka kai tsaye cikin makirfo, in babu ita za a riƙa jin ka can nesa-nesa. Robar madannin magana da ta ƙananan madannan gefe, ka lura da sama da ƙasanta kafin ka cire, don takan shiga a juye, ta zauna daram, amma ƴan ƙusoshinta na ciki ba za su faɗa kan makunnai ba. Ɗan farin abin da ke ɗauko hasken fitila ja da kore ya fito da shi waje. Robar da ke kewaye sandunan mamurɗai a sama. Murfin ramin abin kunne. Makullin batir da sifirinsa. A mai fuska kuma, robar madannan lambobi.

Kowanne ka cire, ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu in roba ce, ka bar shi ya bushe ƙarau, ka sa shi a sabon gida nan take, kada ka tara su wuri ɗaya ka ce za ka tuna. In sabon gidan ya zo da nasa robobin, ka gwada su da na tsohon a hannu. Wadda ta fi laushi da kauri ita za ka sa. Ta tsohon in rana ta busar da ita har tana tsagewa in an lanƙwasa, ta gama aiki.

Maganar gam kuwa, ina roƙon duk mai wannan aiki ya nisanci gam ɗin nan mai kamawa nan take, na ƙaramin bututu. Tururinsa yana bin gilashin fuska ya mai da shi fari, yana gangarawa ya sandare fatar sifika, in ya shiga ramin makirfo kuwa shi ke nan. Ana kawo mini waɗanda aka yi wa haka a wani wuri, gidan sabo fil amma ba a ganin lamba, ba a jin murya. Gam ɗin gilashin salula siriri za ka zagaya a bakin sifika, ka danne da yatsa, ka ba shi lokaci ya kama. Haka nan fetur da tina ba su da wuri a nan, suna cinye roba. Allon inji buroshi busasshe ya ishe shi, inda ya yi kore ka ɗiga alkol ka goge, ka jira ya bushe. Kada ka raba allo da ƙarfen da yake kai in ba dole ba. Ƙarfen nan shi ke janye zafi daga transistan da ke tura magana, kuma canza gida bai bukaci a taɓa tsakaninsu ba.

Motorola tata hanyar daban ce, kuma a nan mutane suka fi yin ɓarna, don suna neman kusoshi ba su gani. A GP328 da GP340 babu kusar da ta haɗa inji da gida, matse shi aka yi ya shige, da zoben roba siriri da ya kewaye ƙarfen gaba ɗaya. Bayan ka cire batir da eriya da mamurɗai biyu, ta ƙasa ake sa abin ɗagawa a banƙaro gindin. Kamfanin yana da ƙarfensa na musamman mai faɗin baki don wannan. In babu, ka nemi abu mai faɗi marar kaifi, ka jingina shi a inda aka bar masa wuri a gindi, kada ka cusa shi can ciki. Bangon gidan ta ciki, inda zoben robar ke kwanciya, sumul yake, in ka karce shi ya daina tare ruwa ko da zoben sabo ne. A tsohon gida wannan ba komai, amma ranar da za ka sake buɗe sabon ka tuna. Zoben kansa kuma kada tsini ya taɓa shi.

A cikinta ba wayoyi biyu za ka tarar ba, fileks ne, wato zirin waya mai faɗi, siriri, ruwan zuma, wanda ya haɗa sifika da makirfo da mahaɗin gefe ya kawo su kan allo. Inda ya shiga akwai ɗan makulli. Ka ɗaga makullin da farce, fileks ɗin zai zaro da kansa. In ka ja shi makulli na rufe, ko dai ya yage ko bakinsa ya kankare. Ɗauke fileks daga tsohon gida zuwa sabo aiki ne mai son haƙuri, domin a manne yake ta wajen mahaɗin gefe, shi ya sa ga Motorola nake ba mutane shawarar su ƙara kuɗi su sayi gidan da ya zo da fileks da sifika a haɗe. Zoben robar kuma ka cire shi ka wanke, ka duba ko ya tsinke ko ya saki, ka mai da shi cikin kwarinsa ba tare da ya murɗe ba. Zoben da ya murɗe ko ya leƙo waje wurin rufewa, sai ka gan shi ya fito ta gefe. Ka buɗe ka gyara, kada ka yanke abin da ya leƙo.

Rufewa ita ce buɗewa a juye: sama ya fara shiga, sannan a danna gindi. Kafin nan, in mai fuska ce, ka ɓare ledar da ke cikin gilashin sabon gida, don wasu suna zuwa da leda ciki da waje, ka hure ƙura, ka duba ta haske. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta kwana tsakanin gilashi da fuska, kullum idon mai ita a kanta zai sauka. Ka kwantar da wayoyin sifika inda ba za su shiga tsakanin ƙarfe da roba ba, kuma ba su bi ta kan ramin kusa ba. Ka saita gindin eriya da sanduna da fitila a ramukansu, ka tura sama, ka duba makirfo ya faɗa cikin robarsa, sannan ka danna ƙasa.

Yaron da ke koyon aiki a wurina yakan ɗago kai ya ce, "Maigida, ya ƙi zama." Amsata ɗaya ce kullum: "Fito da shi mu gani." Inji in ya ƙi zama, wani abu ne ya tokare, ko robar madannin magana ta zame, ko waya ta hau wani wuri, ko robar lambobi ta goce. Ƙarfi ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya karya makunnin gefe, kuma makunnin nan shi ne abin da ya fi saurin ɓallewa a wannan matakin. Da ya zauna, tun kafin kusa ta shiga, ka danna madannin magana da sauran madannai ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kamata ka ji ɗan ƙas a yatsanka ya kuma dawo da kansa. Wanda ya yi shiru ko ya maƙale, yanzu ne gyaransa ke da sauƙi.

Zobban sama ka fara ɗaura su da yatsa, su kama zare daidai, sannan ka ƙarasa da abin kwancewa. Na gindin eriya ya ɗauru sosai, don in ya yi sako-sako duk lokacin da aka murɗa eriya gindin zai riƙa motsi har dalmarsa ta tsage a ciki, oba-oba ta koma ba ta kai ko ƙarshen layi. Na mamurɗai kuwa a tsaya da zarar sun kama. Kusar da ke shiga roba ka fara juya ta baya a hankali har ka ji ta faɗa, sannan ka ɗaura gaba, ka tsaya da ta tsaya. Sabon gida in ka matse shi fiye da kima, daga bakin ramin kusa yake fara tsagewa. Mamurɗai suna da gefe ɗaya shafaffe a ciki, sandar ma haka, ka daidaita su ka danna, ka bar ɗan sarari kada gindin mamurɗin ya riƙa gogar gida.

Wurin gwaji, eriya ake fara ɗaurawa kafin batir. Danna madannin magana babu eriya yana iya ƙona transistan da ke tura magana, kuma hannu yakan danna shi ba da niyya ba lokacin da ake tura batir. Ka kunna. BF-888S za ta faɗi lambar tasha da baki, ka zagaya duka 16 ka ji ko alamar mamurɗi ta yi daidai da abin da take faɗa. UV-5R tana kama rediyon FM, ka taɓa madannin sama na gefe ka nemo Anfani ko Muryar Sahel, ka ƙure ƙara. In sifika na zizza, bai zauna daidai ba ko wani abu na taɓa fatarsa. Daga nan ka ba wani ɗaya oba-obar ya fita waje ya yi nisa, don in kuna kusa da juna sai kuka su riƙa yi. Ka yi magana yadda ka saba, ba da ihu ba. In ya ce yana jin ka ƙasa-ƙasa, robar makirfo ce ko raminsa. In fitila ja ta kama ta ƙi mutuwa, robar madanni ce ke danne makunni, ka cire batir nan da nan ka sake buɗewa. In tana mutuwa da ka girgiza ta, batir ne bai kulle ba, ka duba makulli da sifirin. Ka sa abin kunne ka cire, ka tabbatar murya ta koma sifika. Ka ɗora ta a kan caja ka ga ta zauna.

Masu ita sukan tambaya ko tashoshinsu za su goge. Ba za su goge ba, a cikin allo aka adana su, gida bai da hannu a ciki. Gwajin ma a tashar mai ita za a yi shi, a taƙaice. Mitocin da ake magana a kansu hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ce ke raba su a nan Nijar, kuma UV-5R tana iya shiga wuraren da ba naka ba, tunda tana aiki daga 136 zuwa 174 MHz, da kuma daga 400 zuwa sama. A halin da ake ciki na tsaro, ni ba na karɓar oba-obar da ban san ta wane ne ba, musamman in an kankare lambar da ke jikin ƙarfenta. Takardar lambar nan kuma ka bar ta inda take.

Tsohon gidan kada ka yar sai an yi kwana biyu ana aiki da sabon, don in wani abu ya ɓace, a cikinsa za ka same shi. Bayan nan ka kwashe duk abin da ya rage mai amfani ka zuba a gwangwani. In kana miƙa wa mai ita, ka faɗa masa abin da ya fasa na farko, don galibi abu biyu ne: ɗaukar ta ta eriya, da barin ta a gaban mota rana na dukan ta har robar ta bushe. Mai aikin dare a kan babur ko mai hawa gini ya je wurin dukawa su ɗinka mata kube na fata, a garin nan ba a rasa gwanaye. Ya tafi da ita da batirinta a jiki a auna, a bar ramuka a gaban sifika da makirfo, a bar gefen madannin magana a buɗe, gindin kuma a yi shi yadda za a iya zare ta a ɗora a caja.